Kafin ka sayi faifan barkwancin Birtaniya mai sara: wanne ne zai biya kuɗinka?

A talabijin ɗin Birtaniya akwai wani nau'in barkwanci da ake ginawa a kan gajerun wasanni, kowanne na minti ɗaya zuwa uku, inda mutum guda yake dawowa kowane mako da shigarsa da halinsa, sannan ya ƙare da wata jimla da kowa ya riga ya san za ta fito daga bakinsa. Wannan jimlar ita ce ke zama sara, yara su ɗauke ta zuwa makaranta, ma'aikata su riƙa jefa wa juna ita a ofis. Masu son irin wannan wasa suna cewa daɗinsa yana cikin jiran abin da ka san zai zo, masu ƙinsa kuwa suna ganin lalaci ne na marubutan da suka sami raha ɗaya suka yi ta sayar da ita shekara da shekaru. Ga mai niyyar sayen tarin faifai, wannan saɓani ba na fatar baki ba ne, domin abin da yake ba da dariya sau ɗaya a mako yana iya gundurar mutum idan ya kalli kashi shida a jere a dare guda. Saboda haka ma'aunin da ya fi amfani shi ne a duba abin da zai rage a cikin wasan idan aka cire sarar.

Da wannan ma'auni, The Fast Show ne yake kan gaba. BBC Two ta nuna shi zango uku tsakanin 1994 da 1997, aka kuma yi masa shiri na musamman a 2000, kuma Paul Whitehouse da Charlie Higson ne ginshiƙansa, tare da Caroline Aherne, Simon Day, Arabella Weir, John Thomson da Mark Williams. Saurinsa ne ya ba shi sunansa, domin wasu wasannin ba sa wuce daƙiƙa kaɗan: mutum ya fito, ya faɗi tasa, a wuce. Akwai mai karanta hasashen yanayi a wata tashar ƙasar waje ta ƙage wadda kullum labarinta ɗaya ne, zafin rana, da kalmarta "Scorchio", akwai kuma mutumin da duk lokacin da ya yi katoɓara a taro sai ya ce bari ya ɗauko kwat ɗinsa ya tafi. Abin da ya ɗaukaka shi bisa sauran shi ne marubutansa sun san yadda ake amfani da sabon da mai kallo ya yi da sara a juya masa ita. Tsohon lauya Rowley Birkin, wanda Whitehouse yake fitowa a matsayinsa, yana zaune gaban murhu yana surutan da ba a fahimtar komai a ciki sai kalma ɗaya ko biyu, kuma kullum yana rufewa da cewa a lokacin ya bugu ƙwarai. A wani kashi sai surutun ya zama labarin wata mace da ya so ya kuma rasa, ya faɗi jimlar tasa ta kullum, amma a wannan karon ta fito da nauyin nadama maimakon dariya. Haka ma wasan Ted da Ralph, wato Ralph attajirin ƙauye mai tsananin kunya da Ted ma'aikacin gonarsa ɗan Ailan, kusan babu sara a cikinsa, shiru da kame-kame ne suke ɗauke da shi. Irin waɗannan ne suke sa a iya komawa ga faifan bayan shekaru. Aibinsa ga wanda ba a Ingila ya tashi ba shi ne karin harshe iri-iri da saurin magana, da kuma shaguɓe ga shirye-shiryen talabijin na wancan zamani, don haka ba a saye shi ba tare da rubutun magana a ƙasan allo ba. Wasu teloli biyu na cikin shirin masu cewa "Suit you, sir" kuma batsa ce zalla suke yi wa masu sayayya.

Little Britain shi ne ya fi kowanne farin jini, shi ne kuma ya fi raba kan jama'a. Matt Lucas da David Walliams sun fara shi a rediyon BBC a 2000, ya koma talabijin a 2003, kuma lokacin da zango na uku ya fara a BBC One a 2005, sama da mutum miliyan 9 ne suka kalli kashin farko. Ba shi da wuyar fahimta ko ga mai ƙaramin Turanci, domin rahar a bayyane take. Carol Beer, ma'aikaciyar banki, takan danna madannai kaɗan ta ce kwamfuta ta ce a'a, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'aikacin da ba ya son taimako zai gane ta nan take. Andy yana zaune a keken guragu, da zarar mai kula da shi Lou ya juya baya sai ya miƙe ya yi abin da ya ga dama. Matsalar ita ce kowane wasa tsarinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma da rahar ta fara tsufa sai marubutan suka riƙa ƙara ƙazanta da tsiraici don su riƙe dariyar, har da tsohuwar da take amai a kan mutane. Akwai kuma tambayar wa ake yi wa dariya. Masu suka sun daɗe suna cewa shirin yana dukan talakawa da masu ƙiba da naƙasassu da baƙi, wato waɗanda ba su da bakin ramawa, sannan Walliams yakan shafa baƙin fenti ya fito a matsayin baƙar mace. A watan Yuni na 2020 aka cire shirin daga dandalolin kallo na intanet na BBC iPlayer da Netflix da BritBox, Lucas da Walliams suka nemi gafara kan fitowa a matsayin mutanen wasu launukan fata, kuma da BBC ta dawo da shi a 2022 an yanke wasu wurare. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce tsofaffin faifan suna ɗauke da duk abin da aka cire. Wanda ya nace sai ya mallake shi, zango na farko ya wadatar.

The Catherine Tate Show, wanda ya fara a BBC Two a 2004, yana tsakanin waɗannan biyun. Sarar ɗalibar nan Lauren Cooper, wadda take tambayar malamanta ko sun ga alamar ta damu, ta yi yaɗuwar da har Firayim Minista Tony Blair ya faɗe ta da bakinsa a wasan tara tallafi na Comic Relief a 2007. Ƙarfin shirin yana ga ita Tate ɗin, domin ƙwararriyar 'yar wasa ce da take sauya murya da tafiya har a manta mutum ɗaya ce, amma rubutun bai kai wasan nata ba, kuma tsohuwar nan Nan, mai fara'a a gaban baƙo da zagi da zarar ya fita, ashariya ce rabin maganarta.

Wanda yake son ganin tushen wannan salo a zamanin baya-bayan nan sai ya nemi ayyukan Harry Enfield, ko da yake sun fi sauran tsufa saboda sun jingina da siyasar lokacinsu. Labarinsa ma yana nuna haɗarin sara. A 1988 ya ƙirƙiri Loadsamoney, mai aikin filasta da yake kaɗa damin kuɗi a fuskar mutane, da nufin yi wa kwaɗayin zamanin Margaret Thatcher ba'a, sai ga waɗanda ake yi wa ba'ar sun mai da sarar kirari, har Enfield ya kashe wannan hali a 1989. Ɗan barkwanci Ricky Gervais kuwa ya mai da ƙyamar wannan salo jigon zango na biyu na shirinsa Extras a 2006, inda jarumin ya sami ɗaukaka da wata sara maras ma'ana ya kuma rasa mutuncinsa a idon kansa.

Akwai wani zaɓi da masu kallo daga wannan nahiya za su iya jin ya fi kusa da su. Goodness Gracious Me, wanda 'yan Birtaniya masu asalin Indiya irin su Sanjeev Bhaskar da Meera Syal suka yi a talabijin daga 1998, yana da sara, amma masu yin ba'ar daga cikin al'ummar suke, kuma sanannen wasansu na Indiyawa da suka je gidan abincin Turawa suna wulaƙanta ma'aikacin yana juya wa Turawa halinsu ne. Famalam, wanda BBC Three ta fara a 2018 da 'yan wasa irin su Samson Kayo da Gbemisola Ikumelo masu asalin Najeriya, yana kwaikwayon finafinan Nollywood da gasar iyaye mata a wurin biki. Shi ma bai tsira daga suka ba, domin wani wasansa kan 'yan Jamaika ya jawo ƙorafi a 2020.

Game da sayen kansa, ana kulle faifan DVD bisa yankunan duniya, kuma na Birtaniya na yanki na 2 ne, Najeriya da Nijar kuwa suna yanki na 5, don haka a tabbata na'urar gida tana karɓar kowane yanki kafin a aika a sayo. A duba lambar shekaru da hukumar tace finafinai ta Birtaniya, BBFC, take bugawa a bango, domin 15 tana nufin ba na kallon yara ba ne, kuma kusan babu ɗaya cikin waɗannan da ya dace a kunna a falo gaban iyaye ko surukai. BBC iPlayer a cikin Birtaniya kaɗai yake aiki. Da yake BBC ta sa gutsattsarin yawancin shirye-shiryen a YouTube, hanya mafi arha ita ce a zaɓi hali guda a kalli wasanninsa huɗu ko biyar a jere. Idan na biyar bai ƙara komai a kan na farko ba, gutsattsarin sun isa, ba sai an sayi tarin ba. Idan kuɗin na tari ɗaya ne kawai, The Fast Show za a saya, a kuma bincika bayan kwalin a ga yana da rubutun magana na Turanci.