Foundry VTT da Monk's TokenBar: jifan dayis na rukuni ya daina cinye mana dare

Jama'a yau bari na faɗi ra'ayina kan Foundry VTT, manhajar da ake buga wasannin tebur da ita ta intanet, musamman wani ƙari da ake ɗora masa mai suna Monk's TokenBar, don da su nake jan wasan Dungeons & Dragons ni da abokaina duk daren Asabar. Mu shida ne har da ni, kuma ba gari ɗaya muke ba, shi ya sa sai ta intanet. Ba komai na manhajar zan bi ba fa, abu ɗaya ne ya kawo ni, wato lokacin da ake so duk 'yan wasa su jefa dayis a tare kan abu guda.

Ga wanda bai san wasan ba, tun 1974 ake yin sa, mutum ɗaya ne, wato mai jan wasa, yake ba da labari yana riƙe da duniyar, sauran kowa yana da jaruminsa. In jarumi zai yi abin da ba tabbas, kamar hawa katanga ko sanɗa ya wuce masu gadi, sai a jefa dayis irin na ludo amma mai fuska 20, a haɗa abin da ya fito da makin ƙwarewarsa, in ya kai lambar da mai jan wasa ya sa to ya ci. 10 mai sauƙi ce, 15 tsaka-tsaki, 20 mai wuya.

Toh inda gizo ke saƙar shi ne idan su biyar ne za su yi sanɗar gaba ɗaya. Dokar bugu na 5 ta ce kowa ya jefa, in aƙalla rabi sun ci, rukunin duka ya ci. Ni wallahi ina son dokar nan, kuma lissafi ne ya sa. A ce kowa yana da damar ci kashi 70 cikin 100, in ka ce dole sai duk su biyar sun ci, damar ta faɗo ta koma wajen kashi 17 kacal, amma in uku cikin biyar ake nema ta haura kusan 84. Ka ga ke nan mai sulken ƙarfe da yake ƙara kamar an zubar da kwanuka ba zai riƙa tona asirin kowa kullum ba, gwanaye suna rufa masa. Dokar ba ta da laifi, aiwatar da ita ta intanet ne wahala.

A wata manhaja da muka fara da ita, ga yadda abin yake tafiya. Zan gama kwatanta musu farfajiyar fada da dare, fitila na kaɗawa, dogarai na zagaye, kowa ya yi tsit, sai na ce kowa ya jefa sanɗa. Shi ke nan an shiga neman takardar jarumi, wannan ya danna lura maimakon sanɗa, wancan ya danna sau biyu don netwok ɗinsa ya tsaya bai san na farko ya tafi ba, yanzu kuma sai gardamar wanne za a ɗauka, ɗaya muryarsa ta yanke bai ma ji na ce a jefa ba, ni kuma ina ta gungura akwatin hira sama da ƙasa ina tsinto lambobi tsakanin saƙonni ina rubutawa a takarda. Kafin a gama duk tsoron da na gina ya huce kamar shayin da aka manta a tebur. Kuma sau uku ko huɗu ake irin wannan a dare ɗaya, ga mu da awa uku kawai, ga data na tafiya.

Foundry ya fito ne a 2020, sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, dala 50, kuma mai jan wasa kaɗai ke biya, sauran ta burauza suke shiga kyauta. Monk's TokenBar shi ba kamfanin ne ya yi shi ba, wani ne daga cikin masu amfani da manhajar ya rubuta, kuma kyauta ne. Yana sa wata 'yar sanda a allo mai hotunan jaruman, da maɓallin neman jifa. In na danna sai na zaɓi waɗanda za su jefa, na zaɓi ƙwarewar, na sa lambar da ake nema, na aika. Kati ɗaya ne rak yake faɗowa a akwatin hira, sunan kowa a jere da ɗan hoton dayis a gefensa. Kowa ya danna nasa, sakamako ya zauna a layinsa cikin katin nan, ba ya warwatsuwa. Ba zancen danna ƙwarewar da ba ita ba tunda ni na zaɓa, kuma wanda bai jefa ba ina kallon layinsa fayau sai na kira sunansa kawai. Idan wani wuta ta ɗauke masa ko netwok ya jefar da shi waje, ina iya jefa masa daga nan ba sai an zauna jiransa ba. Ido ɗaya nake yi wa katin na ƙirga uku cikin biyar na ci gaba da labari, muryata ma ba ta sauka daga yanayin da take ba.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne jifan ɓoye. Foundry yana da yanayin da ɗan wasa zai jefa amma ni kaɗai zan ga abin da ya fito, kuma katin rukunin yana bin wannan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga sanɗa da lura. Ɗan wasa in ya ga 3 ta fito masa a lura na ce ba ka ga komai ba, ya san ƙarya ne akwai wani abu, sai ka ga kowa ya fara zare takobi ba dalili. In kuwa bai ga lambar ba, maganata kawai yake da ita, kamar yadda jarumin nasa ma idonsa kawai yake da shi. Pathfinder bugu na 2, wani wasa irin wannan, shi ma har cikin doka ya sa irin wannan jifan sirrin, kuma na gane dalilinsu sosai yanzu.

Akwai makamantan wannan a wasu wuraren, kar a ce ban faɗa ba. Fantasy Grounds, wata manhaja irin Foundry da ta fito tun 2004, tana da takardar rukuni inda mai jan wasa zai jefa wa kowa da dannawa ɗaya. A manhajar Roll20 kuma akwai wani ƙari mai suna GroupCheck, sai dai sai mai biyan kuɗin rajistarsu ta Pro ne ke iya sa irin waɗannan. Sun yi sauri ƙwarai, kuma in dodanni goma ne wuta ta faɗa musu kake so su jefa a tare ba abin da ya fi su. Amma ga 'yan wasa ni ban yarda a jefa musu ba in dai suna nan. Mutum ya zauna ya ƙirƙiri jarumi, ya sa masa suna da tarihi, to hannunsa ne ya kamata ya danna ranar da ran jarumin ke kan siraɗi, ko da kwamfuta ce ke fitar da lambar. In ya faɗi ya san shi ya jefa, ba ya jin an yanke masa hukunci a bayansa. Wannan bambancin tsakanin a nemi ka jefa da a jefa maka shi ne duk dalilin da ya sa na tsaya a nan.

Sai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa. Foundry ba don waya aka yi shi ba, kwamfuta yake so mai ɗan ƙarfin hoto, to in yawancin mutanenka waya kawai gare su ka yi tunani tukuna. Na biyu, a kwamfutarka yake zama sauran su shigo ta wajenka, kuma a intanet ɗin layin waya buɗe wannan ƙofar yakan yi wuya, shi ya sa da yawa ke kama haya a The Forge, wani shafi da ke riƙe maka Foundry a kwamfutocinsa, wanda kuma kuɗin wata ne daban. Na uku, ƙari irin wannan masu sa kai ne ke kula da shi, in babbar manhajar ta fito da sabon zubi sai an jira su daidaita nasu, don haka ni ba na sabunta komai ranar wasa, sai na ajiye kwafin duniyata na duba ko ƙarin ya dace tukuna. Tun 2024 tsarin D&D na cikin Foundry shi ma yana bari ka aika buƙatar jifa zuwa hira ba tare da ƙari ba, yana da kyau a san shi saboda irin wannan ranar, duk da ni katin TokenBar da ke tara kowa wuri ɗaya ya fi kwanta min.

Shawara ɗaya ga masu jan wasa, sauƙin maɓallin nan kar ya sa ka riƙa neman jifan rukuni a kan komai. Inda ake tsira tare ko a faɗi tare ne wurinsa, ƙetare fadama, sanɗa, tuƙa kwale-kwale cikin guguwa. In abu ne da mutum ɗaya ya gani ya wadatar, kamar hango tarko, dokar rabi ba ta shiga nan, mafi girman lamba ko lurar da ke rubuce a takardarsu ta isa.

In wasanku na kwamfuta ne kuma kun kai huɗu zuwa sama, ni dai na ce a saya, a ɗora Monk's TokenBar tun ranar farko, a gwada katin da dodanni biyu ko uku kai kaɗai kafin mutanenka su shigo.