Kwamfuta ko rauta ta musamman: wacce ke ɗaukar gigabit 10?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwamfuta ta yau da kullum, in aka sa mata katin netwok na gigabit 10 guda biyu, za ta yi aikin rautar da aka ƙera don haka, wato na'urar da ke tura bayanai daga wannan netwok zuwa wancan. Za ta yi, amma kar ka tsaya kan gigabit. Fakiti za ka ƙirga, wato ƙananan ƙunshin da ake yanka bayanai a tura su.

In manyan fakiti ne masu bait 1500, kusan 812,000 ne ke bin layin gigabit 10 a sakan ɗaya, kuma kwamfuta mai kyau ba ta jin wannan. In ƙanana ne masu bait 64, sai su kai miliyan 14.88, wato kowanne nanosakan 67 kacal yake da shi (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Furosesa mai gigahaz 3 bugu kusan 200 za ta yi a wannan ɗan tsakanin. In kuwa abin da take nema ba ya cikin ƙaramar ma'adanarta ta kusa, sai ta je ram, babbar ma'adanar aikin kwamfuta, zuwa ɗaya na iya cinye lokacin duka. Kafin ta dawo wani fakitin ya iso ƙofa.

Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, yadda ya zo, kowane fakiti sai ya tanadar masa wuri, ya bi da shi ta ƙa'idojin tsaro, ya duba jadawalin hanya. Shi ya sa cibiya ɗaya ta furosesa, wato ɗaya daga cikin sassanta masu yin lissafi, ba ta cika wuce fakiti miliyan ɗaya zuwa biyu a sakan ba. Katin kan raba kaya tsakanin cibiyoyin, amma bisa haɗi yake rabawa, duk fakitin haɗi ɗaya cibiya ɗaya suke zuwa. Ramin VPN guda ɗaya, wato rufaffen haɗi tsakanin wurare biyu, cibiya ɗaya zai faɗa wa, ta yi ta nishi, sauran na zaman kashe wando.

DPDK, wani tarin manhaja na saurin sarrafa fakiti wanda Intel ta fito da shi a 2010, ƙwace katin yake yi daga hannun Linux. Cibiyar ba ta jiran a kira ta, leƙe take yi ba hutu, tana kwasar fakiti tuli-tuli. Da haka cibiya ɗaya kan cika gigabit 10 ko da ƙananan fakiti, in aikin turawa ne kawai. Sai dai za ka gan ta tana aiki kashi 100 ko da babu abin da ke wucewa, kuma iptables da tcpdump, kayan tace fakiti da leƙa su da ka saba, ba za su ƙara ganin katin ba. XDP, da ya shigo Linux 4.8 a 2016, shi ne tsaka-tsaki: yana tare fakiti tun a bakin direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, katin kuma yana nan a hannunka.

Rauta ta musamman kuwa cip ɗinta ba shi da wani aiki sai wannan, ƙananan fakiti ba sa wahalar da shi kamar yadda suke wahalar da furosesa. Cip ɗin Tomahawk 5 na kamfanin Broadcom terabit 51.2 yake turawa a sakan. Amma jadawalin hanya na irin wannan cip yana da iyaka tun daga masana'anta. A Agustan 2014, da hanyoyin intanet suka haura 512,000, tsofaffin rautoci da dama sun yi tuntuɓe. Kwamfuta kuwa a ram take zuba jadawalin duka, ko a jikinta.

Ka duba ramin PCIe ma, wato inda ake soka katin a jikin kwamfuta. Na ƙarni na uku mai layi takwas gigabit 63 ne ƙarshensa, kuma akwai dogon rami da layi huɗu kawai aka haɗa masa.

Ni dai a gigabit 10 da zirga-zirgar yau da kullum, kwamfuta zan ɗauka, in sa XDP saboda ranar da mahara za su yi mini ruwan ƙananan fakiti. A gigabit 100 kowane ƙaramin fakiti nanosakan 6.7 ne rabonsa. A nan sai in bar wa cip turawa, kwamfuta ta riƙe lissafin hanya.