Gahawar shaɗaranji a Jidda: agogo ya burge ni, shayi kam sai haƙuri

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda, akwai wata gahawa da ake buga shaɗaranji, wato darar ces, mun je daren Juma'a bayan isha mu huɗu a gasar ƙungiyoyi da suka shirya, to bari in ba ku labarin wajen.

Abin da ya fi burge ni agogo ne wallahi, kowane tebur da agogon dijital na DGT dinsa, minti 15 da ƙarin sakan 10 duk motsi, irin lokacin da aka buga a Riyad a 2017 da Anand ɗan Indiya ya ci kofin duniya na wasan sauri. Mu da muka saba bugawa a ɗaki mutum ya zauna kan motsi ɗaya har shayi ya huce, nan babu wannan, kuma alƙalin ba ya wasa, ka taɓa ka motsa, waya kuma a kashe.

Ni na zauna allo na huɗu da wani Bamasare mai Elo, wato makin auna ƙarfin ɗan wasa, wajen 1900, ya fi ni da kusan 200, a lissafin Elo kenan cikin maki huɗu uku nasa ne. Ya buɗe min Sisiliyan, wani salon fara wasa, tsakiyar wasa na rasa soja ɗaya, na waiga na ga sauran sun gama ɗaya da rabi ɗaya da rabi, kowa ya zo ya tsaya a kaina shiru, gabana sai faɗuwa yake, saura min sakan 40 amma wannan ƙarin goman shi ya riƙe ni har muka yi musayar waziri aka bar giwaye, ƴaƴan darar da ke tafiya a karkace, masu bambancin launin gida, tasa a fari tawa a baƙi, ya zaga ya zaga bai samu ƙofa ba sai ya miƙo hannu aka yi canjaras. Biyu da biyu. Kyaftin ɗinmu har da “Allah ya yi maka albarka ƙanena”.

Inda suka gaza, ƴaƴan darar roba ne marasa nauyi, hannun riga ya shafa sarki ya kife, shayin kuma ga tsada ga ruwa-ruwa, wurin ajiye mota ma sai da muka zaga sau uku. In za ka je ka sha shayinka a gida, ka ɗau rigar sanyi don mukayyif (AC) ɗinsu ba sauƙi.