Madubin hangen nesa 8x42 a kan Dutsen Jibralta

Duk mai niyyar hawa dutse don kallon ƙauran shaho da shirwa lokacin bazara, shawarata ya nemi madubi mai lamba 8x42, ya rabu da kwaɗayin mai ƙarfin 10 ko 12. Lamba 8 na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Na gwada nawa a kan Dutsen Jibralta, da ke bakin teku a iyakar kudancin Sifaniya, mai tsawon mita 426, cikin watan Maris, kuma ya biya ni.

Wurin yana tara tsuntsaye ne saboda waɗannan manyan masu farauta ba sa son doguwar tafiya a kan teku. Iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa ita ke ɗaga su sama ba tare da sun kaɗa fiffike ba, teku kuwa ba ta bayar da irinta. Shi ya sa suke neman inda mashigin teku ya tsuke tsakanin Maroko da Sifaniya, kimanin kilomita 14. Idan iska ta kaɗo daga yamma, sai ta turo su kan dutsen.

A nan faɗin ganin da ƙarfin 8 ke bayarwa ya yi rana. Shirwa ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, garke ne, wasu ƙasa-ƙasa da ruwa, wasu sama da kai. Da wannan madubi ina kama biyar ko shida a tare, in bi su ba tare da hoton ya yi rawa ba, duk da iskar da ke bugun hannuna. Wata gaggafa mai cin maciji ta iso a gajiye, bakinta buɗe, tsuntsayen teku suna kai mata sara. Na ga ɗigon cikinta da rawayan idonta tas, har gabana ya faɗi don tausayi kafin ta samu ta tsallake.

Aibin madubin uku. Igiyar wuyan siririya ce, kafin azahar ta fara cin fata, sai da na sauya ta da mai faɗi. Murfin gilashin kuma sako-sako ne, yana zamewa. Idan tsuntsu ya lula can ƙololuwa, nan ma ƙarfin 8 yana gazawa, sai dai ka gane shi ta siffar jela da fiffike.

Masu sa tabarau su murɗa robar da ke kewaye da wurin sa ido ƙasa tukuna, sannan hoton zai cika.