Ta yafe masa kafin ni in yafe masa

Ƙanwata ce ta matsa mini lamba in karanta wani littafin soyayya na Turanci. Sati guda tana kira, kullum maganar ɗaya ce: "Yaya, kin fara?" Ni kuwa na daɗe da sallama da labaran soyayyar 'yan jami'a, don galibi ina gama babi na uku na san inda za a kwana. Da na gaji da naci sai na sauke shi a waya. Na ce bari in leƙa shafi goma in samu abin da zan faɗa mata. Dare biyu na yi ina karatu har idona ya yi ja, kuma a dare na biyu sai da na ajiye wayar na zagaya ɗaki saboda haushi.

Kuskuren da na yi shi ne na karanta ra'ayoyin mutane a Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke ba littattafai taurari, kafin in buɗe littafin. Na tarar sun rabu gida biyu, kowane ɓangare da zafinsa. Masu tauraro biyar suna ta godiya cewa a ƙarshe sun samu labarin jami'a da za su iya miƙa wa 'ya'yansu mata ba tare da sun fara tsallake shafuka ba. Masu tauraro biyu kuma suna cewa littafin lami ne, an cire masa gishiri, samari biyu baligai suna ta kallon juna kamar 'yan firamare. Da wannan gardamar a kaina na shiga karatun, ina jiran in ga wane ɓangare zan bi. Ashe ba a nan matsalata take ba sam.

Labarin a wata jami'a a Amurka yake, da Turanci aka rubuta shi. Yarinya da saurayi sun haɗu a shekarar farko, sun shaƙu, kowa ya san da su. Ana gab da hutun ƙarshen shekara sai ya ɓace. Saƙo ɗaya gajere ya bari, ya canza lamba, bai dawo ba. Shekara biyu da wani abu tana haɗa kanta. Ta shiga shekarar ƙarshe, sai ga shi a ajin da take, kuma malami ya saka su rukuni ɗaya a aikin da ba a fita jami'ar sai an ci shi. Babi ɗaya da bakinta, babi ɗaya da bakinsa, ana kuma ɗan komawa baya lokaci-lokaci a nuna mana yadda suka fara.

Bari in ɗan tsaya a kan kalmar "mai tsafta" da ake kiran irin wannan littafin da ita, don ita ce ta haddasa rabin rigimar. A kasuwar littattafan soyayya na Turanci, ana kasa su gwargwadon yadda marubuci ya buɗe ƙofar ɗaki. Akwai wanda ba ya ɓoye komai. Akwai wanda yake kai ka bakin ƙofa ya rufe, ka san abin da ya faru amma ba ka gani ba. Akwai kuma wanda ko hanyar ɗakin ba ya bi, ba batsa, galibi ba ashar, iyakarsa riƙe hannu ko sumba ɗaya tal a ƙarshe. Wannan na uku shi ake kira mai tsafta, kuma a nan littafinmu ya faɗa. Wasu masu karatun suna magana kamar sabon yayi ne, alhali shi ne tsohon salon. Kamfanin Mills & Boon da aka kafa a Landan a 1908, da Harlequin da aka kafa a Kanada a 1949 wanda ya saye shi a 1971, sun yi shekaru suna sayar da labaran da ba sa wuce haka. A shekarun 1970 ne ƙofar ta fara buɗewa sosai a Amurka. Abin da ya sa littafin nan ya zama baƙo a idon wasu shi ne rukunin da yake ciki. Labaran 'yan shekara 18 zuwa ashirin da 'yan kai, waɗanda kamfanin St. Martin's Press ya raɗa wa suna na musamman a 2009, sun yi ƙaurin suna wajen buɗe ƙofar nan gaba ɗaya. Wanda ya saba da su, in ya ga bangon littafi da ginin jami'a a jiki, ya riga ya sa ran wani abu. Bai samu ba, sai ya huce a kan taurari.

Ni dai ban ji lamin da suke faɗa ba. Marubuciyar da ta hana kanta wannan hanyar dole ta nemo wata, kuma ta nemo. Akwai wani babi a ɗakin karatu, dare ya yi, sauran 'yan rukunin sun tafi, su biyu suka rage a tebur ɗaya suna gyara aikin. Shafuka kusan goma ba abin da ake yi sai maganar jadawali da lambobi. Amma shi ya tuna ba ta iya karatu in fitila na gefen hagu, sai ya miƙe ya juya ta bai ce komai ba, ita kuma ta lura ta yi kamar ba ta lura ba. Na karanta wurin sau biyu. Haka kuma wani tsohon littafinta da ya tafi da shi, ya dawo mata da shi gefen kowane shafi cike da rubutunsa na shekara biyu, amsoshin tambayoyin da ta taɓa rubutawa a ciki. Irin wannan ne ke sa mutum ya manta ƙarfe nawa. Duk wanda ya ce ba zafi a littafin, ina ganin da gudu ya karanta shi.

Ƙawarta ta ɗaki ma ta yi mini. Ita kaɗai ce a duk littafin take magana kamar mai hankali, ita ce ke tuna mata watannin da ta yi ba ta fita aji. Na so a ba ta fili fiye da haka. Sauran abokan kuwa suna ne kawai, ana kiransu in ana buƙatar mai buɗe ƙofa ko mai kawo labari.

Inda muka rabu da marubuciyar shi ne dalilin tafiyarsa. Sai wajen kashi biyu bisa uku na littafin ake bayyana shi: mahaifinsa ya kwanta ciwo, bashi ya taso wa gidan, tallafin karatunsa ya tsaya, ya koma gida ya kama aiki. Ya ce bai faɗa mata ba ne don ya san za ta bar karatunta ta bi shi. To, ruwa ba ya tsami banza, na yarda yana da dalili. Amma dalilin tafiya daban, dalilin yin shiru daban. Ya yanke mata hukunci a kan rayuwarta ba tare da ya tambaye ta ba, ya bar ta shekara biyu tana binciken kanta tana neman laifin da ta yi. Wannan shi ne raunin, kuma shi ne littafin bai wanke ba. Ya ba ta labarin a babi ɗaya, ta yi kuka, ta ce me ya sa bai faɗa ba, ya ce ya yi kuskure. Babi biyu bayan nan suna dariya a kan hanyar aji.

A nan ne na ajiye wayar. Ita ta yafe, ni ban yafe ba. Kuma daga nan har ƙarshe ina karantawa ne kamar wadda aka gayyata biki alhali ba ta yarda da angon ba.

Da na koma kan ra'ayoyin mutane bayan na gama, sai na ga abin da ban gani ba da farko. A ƙarƙashin hayaniyar tsafta da rashinta akwai wata gardama mai nauyi, kuma masu tauraro uku ne suke yin ta, su ne suka fi kowa dogon rubutu. Mata da yawa sun ba da labarin kansu. Wata ta ce an taɓa barinta kamar haka, kuma abin da ta jira shekaru ba bayani ba ne, so take ya zauna ya saurari abin da shirunsa ya yi mata har ƙarshe ba tare da ya kare kansa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya ja baya. Wasu kuma, har da maza ƙalilan, sun tsaya masa. Suka ce duk wanda talauci ya taɓa faɗa wa gidansu yana ɗan shekara 19 ya san kunyar da ke ɗaure baki, kuma ba mugunta ba ce. Na lura kusan kowa yana yi wa littafin hukunci ne da tabon da ke jikinsa. Masu cewa ta yi gaggawa galibi su aka taɓa bari. Masu cewa ta kyauta galibi su suka taɓa tafiya, ko suna da wanda har yau suke fatan ya kira.

Ƙanwata tana cikin na biyun, ko da yake ba ta ce ba. Da na faɗa mata damuwata sai ta ce, "Haba Yaya, so kike ta wahalar da shi har yaushe? Ai da tsohuwar zuma ake magani." Na ce mata ba wahalarsa nake so ba. Aiki nake so in gani. Labarin masoyan da suka haɗu da fari abu ɗaya yake buƙata, ya gamsar da kai cewa sun dace. Labarin komawa kuwa yana da bashi biyu a kansa: ya nuna sun dace, ya kuma nuna abin da ya raba su ba zai sake raba su ba. Halin da ya raba waɗannan shi ne in abu ya yi masa nauyi sai ya rufe baki ya yanke shawara shi kaɗai. Ina so in ga wuri ɗaya, ɗaya tal, inda wahala ta sake zuwa masa, ya ji kamar ya gudu, amma ya ɗaga waya ya faɗa mata.

Abin takaicin shi ne marubuciyar ta kusa yin hakan. Gab da ƙarshe an yi masa tayin aiki a wani gari mai nisa, ya yi kwana huɗu yana ɓoyewa. Na gyara zama, na ce yawwa, ga gwajin. Sai kawai ta ji labarin daga bakin wani, aka yi 'yar rigimar da irin waɗannan littattafai ba sa rasawa kafin ƙarshe, ya biyo ta cikin ruwan sama ya yi dogon jawabi, aka shirya. Wato ya sake yin abin da ya yi tun farko, bambancin kawai wannan karon an kama shi da wuri. Masu tauraro biyar da yawa wannan jawabin ne suka ce ya sa su hawaye. Jawabin ya yi daɗi, ban musa ba. Amma mutumin da matsalarsa rashin magana a kan lokaci, iya magana bayan an kama shi ba ya nuna ya canza.

Ba na ganin laifin ƙarshen farin ciki, kada a fahimce ni a baibai. Wasu masu sharhi sun ce da ta ƙi shi da littafin ya fi ma'ana. Waɗannan sun shiga kasuwar da ba tasu ba. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, abu biyu ta ce su ne ginshiƙin wannan nau'in: soyayya ta zama ita ce tsakiyar labari, kuma a ƙare da abin da zai kwantar wa mai karatu hankali. Wanda ya sayi irin wannan littafin ya san za su koma tun daga bango. Abin da yake biya don ya gani shi ne hanyar. Hanyar ce aka gajarta mini a wurin da ya fi kamata a bi ta a hankali, aka kuma tsawaita ta a wuraren da ba su da amfani, kamar babi guda cur a kan wasan ƙwallon kwando da ba abin da ya ƙara wa labarin.

Ta fuskar rubutu, Turancin mai sauƙi ne, wanda bai saba da dogon karatu ba ma zai bi shi lafiya. Babobin gajeru ne, shi ya sa "bari in ƙara ɗaya" ke kai mutum asuba. Muryoyin biyu sun ɗan yi kama da juna a tsakiyar littafin, har sau biyu ina komawa saman babi in duba waye ke magana. Na kuma ci karo da kurakuran bugu nan da can a kwafin waya, ba masu yawa ba.

Wa zan ba shi? Wadda take neman labarin da zai motsa mata zuciya ba tare da ta ji kunyar a leƙo wayarta ba, ta ɗauka, ba za ta yi da-na-sani ba. Uwa da ke tambaya ko 'yarta mai shirin shiga jami'a za ta iya karantawa, za ta iya, sai dai zan so su yi hira a kan saurayin bayan ta gama. Wadda kuma aka taɓa tafiya aka bari ba sallama, ta shirya, akwai babobin da za su taɓa mata wurin da bai warke ba, kuma mai yiwuwa ta gama da haushi irin nawa.

A Goodreads babu rabin tauraro, daga ɗaya zuwa biyar ne cif. Uku da rabi ne a raina. Na daɗe yatsana na yawo tsakanin uku da huɗu, sai na tuna fitilar nan da ya juya, na danna huɗu. Ƙanwata ta gani ta kira tana dariya, wai ashe na sauko. Na ce mata tauraro na huɗun na marubuciyar ne, shi kuwa saurayin har yanzu muna 'yar tsama.