Wane kayan sa ido ya dace da manhajar kamfaninka?

Mai saye ya danna maɓallin biya, shafin ya yi ta juyawa har daƙiƙa takwas, ya gaji ya rufe. Sabar tana kunne, babu kuskuren da ya fito, a ofis kuwa babu wanda ya san an yi asara. Irin wannan ɓarnar ce kayan sa ido suke kamawa, ta hanyoyi uku: ma'aunai na lambobi, rajistar abin da ya faru a cikin manhaja, da bin sawun kowace buƙata, wato kowane saƙon neman aiki da aka tura wa sabar. Na ukun ne zai nuna maka cewa daƙiƙa bakwai daga cikin takwas ɗin a rumbun bayanai suka tafi, domin shafin yana tura tambaya 200 inda ɗaya ta isa.

Duk wanda za ka saya, ka tabbatar yana nuna p95 da p99, wato tsawon lokacin da kashi 95 ko kashi 99 cikin ɗari na buƙatu ba su wuce shi ba. Matsakaicin lokaci yana ɓoye ciwo: idan buƙatu 99 sun ɗauki milisakan 100 kowacce, guda ɗaya ta ɗauki daƙiƙa 10, matsakaicin zai ce milisakan 199, alhali wani ya sha jira.

Daga cikin kayan sa idon da ake biya, Datadog yana haɗuwa da ɗaruruwan wasu manhajoji, kuma girka shi ba wuya. Inda yake cizo shi ne lissafi: ana cajin kowace sabar, ana cajin rajista daban, ana cajin ma'aunan da ka ƙirƙira da kanka. Idan injiniya ya liƙa lambar kowane mai amfani a jikin ma'auni, ma'auni ɗaya zai haifi dubbai, kuɗin wata ya yi tashin gwauron zabi. New Relic yana caji ne bisa yawan bayanan da ka tura da adadin ma'aikatan da ke amfani da shi, kuma yana ba da gigabait 100 kyauta a wata, abin da kan ishi ƙaramin kamfani farawa. Dynatrace ya fi dacewa da manyan kamfanoni masu tsari mai sarƙaƙiya. OneAgent ɗinsa, manhajar da ake girkawa a kan sabar, yana gano sassan manhaja da alaƙarsu da kansa.

Prometheus da Grafana ba a biyan kuɗin lasisi, amma kai za ka yi musu hidima. Prometheus kwana 15 yake ajiye bayanai in ba ka sauya saitinsa ba, kuma ba ya bin sawu, sai ka ƙara Jaeger ko Tempo. In ba ka da injiniyan da zai kula da su, arhar za ta zama tsada. Wanda kurakuran da ke cikin rubutun manhaja kaɗai suka dama, Sentry ya wadatar da shi.

Shawararmu ita ce a tattara bayanai da OpenTelemetry, tsarin bai-ɗaya na tattara bayanan sa ido, wanda aka samar a 2019 bayan haɗe OpenTracing da OpenCensus. Duk manyan kamfanonin nan suna karɓarsa, saboda haka ranar da ka so sauya dillali ba sai ka sake rubuta komai ba.

Lokacin gwaji, jinkirta tambaya ɗaya ta rumbun bayanai da gangan a sabar gwaji, ka ƙidaya mintunan da ma'aikatanka za su ɗauka kafin su gano ta. Ka ɗaura gargaɗi kan abin da mai saye yake ji a jikinsa, wato jinkiri da kurakurai. Gargaɗin da ya yi yawa, ma'aikata daina duba shi suke yi. Sannan ka nemi dillali ya lissafa maka kuɗin wata idan bayananka sun ninka uku.