Kabu-kabu ko keke: amsa ga 'yar'uwarmu mai zuwa daga Kano

'Yar'uwa, kin ce za ki kawo Inna asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma tana son ta ziyarci Hubbaren Shehu, kina tambayar abin hawan da ya fi dacewa, babur ko keke mai ƙafa uku. Allah ya ba Inna lafiya.

Ku a Kano an hana acaɓa tun 2013, mu kuwa nan Sakkwato yana nan, kabu-kabu muke ce masa. Amfaninsa sauri. Yana kurɗawa lungunan tsohon gari, wajejen fadar Sarkin Musulmi da masallacin Shehu, ya sauke mutum a ƙofar gidan da yake nema, ba ya jiran kowa. Ni kaina shi nake hawa in zan shiga Babbar Kasuwa ni kaɗai. Sai dai ba rufi, ba majingina, ranar Sakkwato kuwa a watan Afrilu zafinta kan wuce digiri 40. Ga gefen hijabi ko zane da kan shiga taya. Wannan ina jin tsoronsa ƙwarai, ko ke kika hau ki tattare tufafinki a cinya.

Keke shi ne adaidaita sahunku. Akwai inuwa, Inna za ta jingina bayanta, jakarku da takardun asibiti suna gabanku. Aibinsa tsaye-tsaye, domin in na haɗaka ne, a ɗauki wannan a sauke wancan, mara lafiya ta galabaita kafin a iso. Don haka ki ɗauke shi shata. Ki faɗa masa daga masauki zuwa asibiti, daga can zuwa Hubbare, ku yanke kuɗi kafin Inna ta ɗaga ƙafa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin hawa bai tsaya wuri ɗaya ba, ki tambayi mai masaukinki abin da ake biya a makon, kada a yi miki kuɗin baƙo.

Ni dai ba zan ɗora tsohuwa mara lafiya a bayan babur ba, ko da kyauta ne. In kin dace da mai keke mai haƙuri, wanda ya jira Inna ta zauna daram kafin ya ja, ki karɓi lambarsa, shi zai riƙa zuwa ɗaukarku har ku gama. Ziyarar Hubbare kuma ku yi ta da sanyin safiya ko bayan la'asar.